Ureka ya girku amma IRAF ya ƙi tashi

Malam ka ce ka girka Ureka, wato ƙunshin shirye-shiryen nazarin taurari, a Ubuntu lafiya lau, amma da ka buga cl don kunna IRAF, shirin sarrafa hotunan taurari da ke cikinsa, sai ya ce maka babu fayil ɗin, alhali ga shi nan a folda kana kallonsa da idonka. Wallahi ni ma abin nan ya taɓa cinye min kwana biyu cur, na goge na sake girkawa ya fi sau uku, har na fara zargin kwamfutar ce ta samu matsala.

Fayil ɗin na nan, ba shi ya ɓata ba. IRAF ɗin da ke cikin Ureka na 32-bit ne, kai kuma Ubuntu ɗinka 64-bit, to ɗan shirin da ke loda shi wato ld-linux.so.2 shi ne babu, sai saƙon ya fito kamar IRAF ɗin ne babu. Ka nemo ecl.e, fayil ɗin IRAF da cl ke kira, ka buga file ecl.e, in ka ga ya rubuta ELF 32-bit to shi ne. Sai ka yi sudo dpkg --add-architecture i386, ka yi apt update, ka girka libc6:i386, in ya sake kuka da wani laburare ka buga ldd a kan fayil ɗin zai jero maka duk wanda bai samu ba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amma fa gaskiya ni da kai ne ba zan ɓata lokaci a kansa ba. STScI da Gemini, cibiyoyin nazarin taurari da suka haɗa shi, sun daina kula da Ureka tun 2016, wani ƙunshin mai suna AstroConda ya gaje shi, shi ma an ajiye shi a 2023, ga Python 2.7 da ke cikin Ureka wanda aka daina tallafa masa tun Janairun 2020. Yau ka toshe nan gobe can ta ɓalle. In IRAF kawai kake so, apt install iraf xgterm saods9 python3-pyraf ya wadatar, na 64-bit ne, kuma da irafcl ake kiransa a nan.

Kuskure ɗaya da na tafka, kar ka maimaita: na zuba layin kunna Ureka a cikin .bashrc, fayil ɗin da ke gudana duk lokacin da aka buɗe tagar umarni, don kar in riƙa bugawa kullum, ashe ya tura nasa Python gaba a PATH, wato jerin foldojin da kwamfuta ke neman shirye-shirye a ciki, washegari wasu shirye-shiryena da ba ruwansu da taurari suka ƙi buɗewa, na rasa gane kan abin sai da na buga which python na ga inda yake nunawa. Ka riƙa kunna shi da hannu a tagar da za ka yi aiki kawai.

Sannan in IRAF ya tashi ka yi mkiraf, umarnin da ke shirya masa saitin farko, ka zaɓi xgterm a matsayin tagar umarni, ka buɗe ds9, shirin nuna hotuna, kafin ka kira display, in ba haka ba zai ce maka ya kasa buɗe imtool ka ɗauka wata sabuwar matsala ce. Turo min abin da ldd ya nuna in har yanzu ya ƙi.