Hotunan Warsaw: Na Gaske Ne Ko Haɗin Kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce mai karanta zanen gine-gine a Zariya. Yayana ya turo mini hotuna biyu na dandalin kasuwar tsohon garin Warsaw a ƙasar Poland. A na farko ba komai sai tarin ɓaraguzai da ganguna marasa rufi, a na biyu gidaje masu launi tsaf kamar tun kaka da kakanni suke tsaye. Na ce masa haɗin kwamfuta ne, muka yi ta gardama. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Wannan karon yayanki ne ya ci. Hotunan duka biyu na gaske ne, sai dai gidajen da kike gani a na biyun ba su kai shekara ɗari ba.

Jamus ta far wa Poland ran 1 ga Satumba 1939, ta yi wa Warsaw ruwan bama-bamai har garin ya miƙa wuya a ƙarshen watan. A 1943 Jamusawa suka rushe unguwar Yahudawa ƙaf bayan boren da Yahudawan suka yi. Babbar ɓarnar ta zo a 1944: mutanen gari suka tayar wa Jamusawa ran 1 ga Agusta, aka kwashe kwana 63 ana gwabzawa, aka kashe mutane sama da 150,000, galibinsu fararen hula. Da aka kore sauran mazauna, sai sojojin Hitler suka bi gida-gida suna ƙonawa suna dasa nakiya. Lokacin da rundunar Sobiyet ta shiga ran 17 ga Janairu 1945, kusan kashi 85 cikin ɗari na gine-ginen sun kwanta.

To ta yaya aka san kamannin gidan da ya zama toka? Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, kuma ke da kike wannan fanni ya kamata ki riƙe. An kafa ofishin sake gina babban birnin a Fabrairu 1945, masanin gine-gine Jan Zachwatowicz ya dage a mayar da tsohon gari yadda yake. Suka tattara tsofaffin hotuna da zanen awo da ɗaliban jami'a suka yi kafin yaƙi, suka kuma duba zane-zanen wani ɗan Italiya, Bernardo Bellotto, wanda ya zana titunan Warsaw wajen 1770 har da taga da ado. Mata da maza suka riƙa tono bulo mai kyau daga cikin kufai suna miƙa wa juna hannu da hannu. An buɗe dandalin ran 22 ga Yuli 1953. Fadar sarki kuwa sai a 1971 aka fara ta da kuɗin karo-karon jama'a, aka gama a 1984. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1980, alhali ta san sabon gini ne.

Amma ki yi hattara da irin waɗannan hotuna na jiya da yau, domin mai haɗa su yakan zaɓi inda ya fi kyan gani ne. Tsohon garin ɗan ƙaramin yanki ne. Unguwar Yahudawa ba a mayar da ita ba. A hoton wurin da mai ɗaukar hoto Robert Capa ya ɗauka a 1948, cocin Augustine ne kawai ke tsaye a tsakiyar fili na ɓaraguzai. A kan wannan tarin aka gina unguwar Muranów, har da bulon da aka sarrafa daga ɓaraguzan, shi ya sa wasu gidajen suke kan tudu sai an hau matakala daga titi. Ki nemi wannan hoton ki tura wa yayanki.