Dole ne sai da shehi mutum zai san Allah?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan tireda ne a babbar kasuwar Garwa. Ina salla, ina azumi, ina sauraron wa'azi a waya, amma zuciyata a bushe take. Kawuna ya ce in je wurin muƙaddami in karɓi wuridi, wai wanda ba shi da shehi Shaiɗan ne shehinsa. Abokaina kuma sun ce littafi ya ishe ni. Wanne zan kama?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wannan bushewar da ta dame ka alheri ce, domin matacciyar zuciya ba ta jin ƙishi.

Maganar da kawunka ya kawo ba hadisi ba ce. Zancen magabatan sufaye ne, ana jingina shi ga Abu Yazid Bisɗami, saboda haka kada ka ɗauka rashin shehi ya fitar da kai daga Musulunci. Amma kada ka yar da ita, akwai hikima a ciki.

Tambayarka ta girmi kakanninmu. A ƙarni na 14 na Miladiyya malaman Garnaɗa ta Andalus sun yi gardama a kanta har Imamu Shaɗibi ya aika wasiƙa Fas yana neman fatawa, Ibn Khaldun ma ya yi littafi guda a kan mas'alar. Ibn Abbad, ɗaya daga cikin waɗanda suka amsa, ya raba abin biyu. Akwai shehin ta'alimi, mai koya maka tauhidi da tsarki da salla da halal da haram. Wannan kowa yana bukatarsa. Akwai kuma shehin tarbiyya, mai gyaran zuciya, wanda ya fi zama dole ga mutumin da ransa ya yi masa tawaye. To, wa zai bugi ƙirji ya ce nasa ran bai taɓa yi masa tawaye ba?

Abin da kake nema sunansa ihsani. A hadisin Mala'ika Jibrilu, Annabi (SAW) ya ce shi ne ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa, shi yana ganinka. Abin da ke tare mutum daga wannan matsayi shi ne riya da hassada da girman kai da son a sani. Matsalar waɗannan cututtuka ita ce mai su ba ya ganinsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Littafi zai siffanta maka riya tsaf, amma ba zai dube ka ya ce ga ta nan a muryarka lokacin da ka ɗaga karatu don baƙo ya shigo masallaci ba. Wayar hannunka ma ba ta san ka ba.

Ina saurayi a Marwa, na haddace baitocin Ibn Ashir, waƙar nan ta tauhidi da fiƙihu da sufanci, har na fara gyara wa dattawa karatu a gaban jama'a. Malamina bai yi mini faɗa ba. Sai ya ce daga yau ni zan riƙa jera takalman mutane a ƙofar zawiya, in cika butoci kafin magariba. Ranar farko da na sunkuya na ɗauki silifas ɗin wani almajiri da na girma, mai igiya ɗaure da waya, na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. A nan na san girman kaina, abin da na karanta babinsa sau da yawa ban gane da ni ake ba. Ibn Ashir ɗin ma ya faɗa a ƙarshen littafinsa: mai suluki, wato mai bin hanyar gyaran zuciya, ya abokanci shehin da ya san hanyoyi, wanda zai kare shi daga halaka, wanda ganinsa ke tuna masa Allah.

Kuma neman jagora ba ƙasƙanci ba ne. Annabi Musa (AS) da kansa ya yi tafiya ya roƙi Halliru ya bar shi ya bi shi don ya koya, kamar yadda ya zo a aya ta 66 ta Suratul Kahfi. Shehu Usman Ɗan Fodiyo, wanda ya ba Modibbo Adama tutar ƙasar nan, ya zauna gaban Malam Jibrin ɗan Umar, kuma Baƙadire ne.

Sai dai a nan nake jin tsoro a kanka, ɗana. Shehi ba ya ba da buɗin zuciya daga aljihunsa, Allah ne mai buɗewa. Na ga masu rawani da suka mayar da muridai gonar auduga, kowace kaka sai an girbe. Duk wanda ya ce maka an ɗauke masa salla, ko yake keɓewa da matan mutane da sunan tarbiyya, ko ya yanka maka kuɗi kafin ka ga Annabi a mafarki, tashi ka kaɗe rigarka. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya ce a auna duk abin da aka ji daga gare shi da ma'aunin shari'a, abin da ya saɓa a bar shi. In mai ɗariƙa ya faɗi haka a kan kansa, ina ga muƙaddamin unguwa?

Kada ka yi gaggawar karɓar wuridi don kunyar kawu. A Tijjaniyya alkawari ne na har abada: lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, ga wazifa kullum, ga zikirin Juma'a bayan la'asar. Fara zama a karatun muƙaddamin nan wata biyu ko uku. Duba sallarsa cikin jam'i, duba yadda yake karɓar talaka da yadda yake karɓar Alhaji, tambayi maƙwabtansa da masu bin sa bashi. Ka yi istihara. Kafin nan, gyara mudunka a kasuwa, ka riƙe istigfari da salatin Annabi bayan asuba, waɗannan ba sa jiran iznin kowa. Ka sake rubuto mini bayan wata uku in ji abin da ka gani.