Ku Tambaya Mu Amsa: Maƙwabcinmu zai mai da gida gidan biki, ina za mu kai kuka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Kwanan nan saƙonnin da ke shigo mana yawancinsu a kan fili da gini ne, musamman daga Katsina da Daura, to na tsamo guda uku waɗanda na ga matsalarsu ta shafi mutane da yawa, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, Allah shi ƙara basira. Ni mazaunin wata unguwa ne nan bayan Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, shekara 19 ina gidan nan. Gidan da ke manne da nawa magada suka saida ma wani Alhaji, ba a yi wata biyu ba ya sa aka baje shi, yanzu tifa ce ke ta sauke yashi da dutse, birkilan da ke aikin ya ce mani gidan biki za a yi mai hawa ɗaya. Layinmu mota biyu ba su wuce juna sai ɗaya ta raɓe, ga islamiyya a bakin layin, ga mahaifiyata tsohuwa mai hawan jini ɗakinta ne a jikin bangon. Mun je sakatariyar ƙaramar hukuma mu huɗu aka ce mamu ba huruminsu ba ne, shi kuma Alhajin ya aiko cewa yana da takardarshi ta gwamnati kuma mai unguwa ya sani. Don Allah mi ya kamata mu yi, ko shi ke nan mai kuɗi ya gama magana?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. A'a wallahi bai gama magana ba, amma ku ma ku tashi tsaye tun yanzu da yashi ne kawai a ƙasa, don in aka kai linta aka zuba dakin maganar ta yi nauyi, ran gini ran zane.

Waɗanda suka ce maku ba huruminsu ba ne gaskiya suka faɗa maku, ba korar ku suka yi ba. Dokar amfani da filaye ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo kuma har yau tana nan daram don an ɗaure ta a cikin tsarin mulkin ƙasa, ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sai ta raba aikin gida biyu, duk inda gwamna ya ayyana a matsayin birni to filayen wurin a ƙarƙashinsa suke kai tsaye, inda ba birni ba kuma, ƙauyuka da gonaki, nan ne ƙaramar hukuma ke da ta cewa. To ka ga cikin garin Katsina birni ne, babban birnin jiha ma tun da aka ƙirƙiro jihar a 1987, don haka ciyaman ko kansila ba su ne masu ba da izinin sauya gidan kwana ya koma wurin kasuwanci ba. Ƙofar da za ku ƙwanƙwasa ita ce Hukumar Tsara Birane ta jiha, wadda aka fi sani da URPB, su ke duba zanen gini su amince ko su hana, sai kuma ma'aikatar filaye da hukumar taswira da bayanan filaye ta jiha, wato KATGIS, inda fayil ɗin filin yake.

Yanzu mu zo kan takardar da ya ce yana da ita, don nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Takardar shaidar mallaka, wato C of O, ba lasisi ba ce ta yin duk abin da ran mutum ya so. In ka buɗe ta za ka ga an rubuta shekarun da aka ba ka, na gidan zama yawanci 99 ne, an rubuta kuɗin ƙasa da za ka riƙa biya, sannan an rubuta abin da aka ba ka filin dominsa, zama ne ko kasuwanci ko masana'anta ko makaranta. Wanda aka ba don zama ya tashi ya yi gidan biki to ya saɓa sharaɗin takardarsa da kansa, kuma saɓa sharaɗi na cikin dalilan da dokar ta ba gwamna damar soke mallaka. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya rubuta neman canjin amfanin filin, jami'an tsara gari su zo su ga wurin da idonsu, faɗin layin, inda motoci za su tsaya, inda ruwan sama da na bayan gida zai bi, abin da ke kewaye da wurin irin su makaranta da masallaci da asibiti, su rubuta rahoto, in an yarda ya biya kuɗin canjin, sannan ya kai zanen sabon ginin a buga masa hatimi. Takardu biyu ke nan daban da ta mallaka. Kuma ko cinikin da ya yi da magadan ma, in gidan mai C of O ne, sai da amincewar gwamna yake cika a doka.

Batun mai unguwa ya sani, to sani daban izini daban. Mai unguwa uba ne, shaida ne a kan ciniki da iyaka, kuma ina ba ku shawara ku fara da shi cikin ladabi, ku je ku gaishe shi ku ce ranka ya daɗe ga abin da ke damunmu, ku roƙi ya kai maganar gaba wurin dagaci da hakimi, sau da yawa zama ɗaya a zauren hakimi ya kan kashe wutar da kotu za ta shekara uku ba ta kashe ba. Amma sa hannunsa ba ya mai da filin zama ya zama na kasuwanci.

Abin da nake so ku yi a satin nan, ku rubuta takardar ƙorafi, a rubuce fa, ba zuwa a tsaya a baranda a yi ta bayani da baki ba. Ku faɗi sunan layin da lambar filin in kun sani, ku auna faɗin layin da tef ku rubuta, ku faɗi yawan yaran islamiyya da lokacin tashinsu, ku ɗauki hoto da waya ku wanke ku maƙala, kowane mai gida ya sa suna da hannu, kar ku manta da gidajen da mata ke riƙe da su don su ma masu haƙƙi ne. Ku yi kwafi, ku kai hukumar tsara birane da ma'aikatar filaye, a buga maku sitam na karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin ku adana. Ku tambaya kai tsaye, shin an amince da canjin amfani a wannan fili, shin akwai zanen da aka amince da shi? In babu, suna da ikon ba da umarnin dakatar da aiki, shi ne jan fentin nan da kuke gani a jikin bango. In kuma har an amince, ba a rufe ƙofa ba, lauya zai iya nema maku umarnin dakatarwa a babbar kotun jiha bisa cutarwar da abin zai jawo. Ku ba kansilanku kwafi shi ma, don ko ba shi ke yanke hukunci ba wakilinku ne, kuma shara da lambatu da tsarin shaguna da wuraren cin abinci duk aikin ƙaramar hukuma ne a tsarin mulkin 1999.

Na taɓa zuwa duba wata gwaggona da irin wannan ta faɗa wa, su ba su yi magana da wuri ba don kunya, wai kar a ce suna baƙin ciki da arzikin mutum. Ranar Asabar ce bayan isha'i, na same ta zaune a kan darduma ta toshe kunne da auduga, kwanon shan da ke kan kanta yana rawa shi kaɗai saboda ƙarar sifika, janareto kuma an kafa shi daidai bayan tagarta hayaƙin na shigowa, ni kaina a bakin titi na bar mashin na tako da ƙafa don motoci sun cushe layin har ƙofar gidanta. Ta ce mani ɗan nan ni yanzu sallar asuba ma da ƙyar nake samu. Wannan abin har yau yana ci mani rai. Neman haƙƙi ba hassada ba ce, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san an kawo cewa ba a buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci, ba a haƙa abin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarka ne. In ginin mai hawa ne to ku saka maganar tagogi a ƙorafinku, tsakar gidajenku da iyalinku abin karewa ne.

Ni dai ra'ayina, kuma na daɗe ina faɗa, bai kamata a sauya amfanin fili a tsakiyar unguwa ba sai an kafa allo a wurin an sanar da mutane. A Ingila in an nemi izinin irin wannan ana liƙa sanarwa ko a aika wa maƙwabta wasiƙa a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, a Amurka kuma majalisar gari kan yi zama a bainar jama'a kowa ya tashi ya yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a. Mu da muke da mai unguwa da liman da kansila a kowace mazaɓa ai mun fi su sauƙin tara mutane, zama ɗaya bayan la'asar a ƙofar masallaci ya isa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni bazawara ce a Daura, maigidana ya rasu ya bar mani ɗiya biyar da gida a bakin hanya. Tun da aka kawo makarantun nan gari ya cika da ɗalibai da ma'aikata, shi ne nake son in fasa zauren da ɗakin samari in fidda shago uku in sa haya ko na samu na kuɗin makarantar yara. Wani ya ce sai na nemi izini, wani ya ce gidana ne ba ruwan kowa. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya jiƙan maigida ya raya marayu. Dabararki mai kyau ce, tun da aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a Daura shago a bakin hanya ya zama jari, kar kowa ya karya maki gwiwa. Amma ki ɗauki maganar na farkon. Kafin ma a je ga hukuma, an raba gadon kuwa? In ba a raba ba gidan ba naki ke kaɗai ba ne, akwai rabon yara, akwai na iyayen mamacin in suna raye, ki sa a zauna da waliyyansu a rubuta yarjejeniya cewa kuɗin hayar na tarbiyyar yara ne, don kar gobe shagunan su fara kawo kuɗi wani ya taso. Bayan nan ki sa babban ɗanki ko ƙaninki ya raka ki ofishin tsara gari da kwafin takardar gidan da ɗan zanen abin da za a yi, shago uku a fuskar gida ba babban canji ba ne kamar gidan mai ko wurin ɗura gas, waɗanda su sai da lasisin hukumar tarayya mai kula da harkar mai da gas, wato NMDPRA, ma a kan na jiha. Abin da za su fi dubawa shi ne kar ki ci hanya. Nan ne mutane ke faɗawa, magini ya ce Hajiya bari mu ɗan turo baranda gaba taku uku ai kowa ma ya yi, a hau kan lambatu a rufe shi da siminti, ranar da aka zo faɗaɗa titi ko damina ta yi ƙarfi ruwa ya rasa hanya sai a rushe, kuma abin da aka gina a kan hanya ba izini kar ki sa ran diyya a kansa. Ki tsaya cikin iyakarki ko da shagon zai ɗan matse. Kuma ki zaɓi ɗan haya, mai kayan masarufi ko tela ko mai cajin waya, kar ki ba mai injin niƙa ko walda jikin ɗakin da yara ke kwana. Kuɗin lasisin shago na shekara wannan kam ƙaramar hukuma ake biya, ki riƙa karɓar rasit.

TAMBAYA: Na sayi fuloti awon igiya ta wajen Batagarawa a hannun dillali, takardar mai gona da shaidu uku gare ni. Yanzu ana raɗe-raɗin gwamnati za ta fidda sabon tsari a wurin hanya ta bi ta ciki. In fara gini da sauri ko in jira?

AMSA: Ka jira ɗan'uwa, kar ka sa bulo ko ɗaya. Awon igiya mai gona ne da dillali suka yanka, su kuma burinsu filoti ya yi yawa, ba su barin wurin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, layin ma da ƙyar a bar na kura, hanyar ruwa kuwa sai a sayar da ita a rani lokacin da ba ka gane ta, wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta 2018 ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. Gari ya riga ya tafi wajen Batagarawa tun da jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta zauna a can, don haka kar ka ɗauka wurin ƙauye ne har yanzu, mai yiwuwa ya shiga cikin yankin da aka ayyana birni. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko maka lambobin wurin, ka kai KATGIS a duba taswira a gaya maka ko filin ya faɗa kan hanya ko cikin wurin da gwamnati ta riga ta karɓa. In ya fita lafiya ka fara neman takarda da sunanka. In ya faɗa ciki, ka sani diyyar da doka ta tanada ta abin da aka raya ce, gini da itatuwa da amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba, kuma ginin da aka yi da gaggawa bayan an san da maganar hanya ba izini rigima kawai zai jawo maka. Ka koma wurin dillalin da mai gonar tun shaidun nan uku suna kusa, ku zauna gaban mai unguwar wurin, a canza maka wani filin ko a maido maka kuɗinka.