Kafin a sayi fulawar waje, a fara gwada yaron

Tambaya: Ɗana mai shekara bakwai ya daɗe yana fama da gudawa, kumburin ciki da rama, kuma an ce mini alkama ce ba ta karɓe shi ba. Shin in hana shi burodi, in riƙa sayen fulawar nan mai tsada da ake shigowa da ita, wadda aka ce ba ta da gulutin?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Kada ki hana shi alkama tukuna, domin idan cutar siliyak ake zargi, gwajinta yana bukatar ya kasance yana ci. A wannan cuta, gulutin, wato wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, shi ne ke tunzura garkuwar jiki ta ɓata bangon ƙaramin hanji, har abinci ya daina amfanar jiki. Idan aka janye alkama, hanjin zai fara warkewa, sakamako ya fito kamar lafiya lau, ki zauna cikin shakka shekara da shekaru. Ki kai shi wurin likitan yara a yi gwajin jini na tTG-IgA, wanda sau da yawa ake bin sa da ɗebo ɗan ɓarɓashin hanji ta bututun da ake zurawa ta baki. Tsutsar ciki ma tana kawo irin waɗannan alamu, don haka a duba ta.

Idan cutar siliyak ta tabbata, barin alkama na har abada ne, amma ban ga dalilin kashe kuɗi a kan fulawar waje ba. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da wake duk ba su da gulutin, saboda haka tuwo, fura, dambu da ƙosai suna nan daram. Waɗanda zai bari su ne burodi, gurasa, taliya, alkaki, funkaso, Semovita da lemon malt.

Inda nake jin tsoro shi ne wurin da ido ba ya kaiwa. Ɗanwaken sayarwa yawanci da fulawa ake kwaɓa shi yanzu, kuma injin unguwa da ya gama niƙa alkama zai bar ɓurɓushinta a garin geronki, wanda kaɗan ɗin nan ya isa ya tayar da ciwon. Kuɗin fulawar waje gara ki tara shi ki sayi ƙaramin injin niƙa na gida. A gwada 'yan'uwansa ma, domin cutar tana bin jini.