Milimita huɗu da suka kayar da mu a gasa

Kana tambayata yadda mutum-mutuminku zai tsallake teburin masu duba kafin a bar shi ya shiga filin gasa? To zauna, kuma ka ajiye wayar nan.

Zancen lambar ƙungiya, da irin batir, da sa makunni inda hannu zai kai, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Duk yana cikin littafin dokoki, wanda na san ba ku buɗe ba. Ku yaran yanzu, abin da ya wuce bidiyon minti ɗaya barci yake sa ku.

Awo ne ke kayar da mutum. A gasar VEX V5 da ta FIRST Tech Challenge, gasannin da ɗalibai ke fafatawa da mutum-mutumin da suka ƙera, kafin a fara wasa dole na'ura ta shige cikin inci 18 ta kowane ɓangare, wato santimita 45.72. Babu wani "ai saura kaɗan".

Wata shekara na ba wani kafinta aikin akwatin gwaji, na rubuta masa awon da hannuna. Ya kawo, ya rantse ya auna, na biya shi har da ihsani. Wata huɗu muna zura na'ura ciki tana shiga sumul. Ranar gasa aka ɗora nasu ma'aunin, sai ya toge a kan noti biyu na hannun ɗaukar kaya. Milimita huɗu! Na ce a sake, aka sake. Wani yarona ya sa yatsa zai danne hannun, mai duba ya ce ya cire, na'ura da kanta za ta tsaya. Da gaskiyarsa, amma ranar kamar in haɗiye shi.

Ni da na fara riƙe zarto tun ba a haifi mai duban ba, sai ga ni durƙushe gaban jama'a ina yanke hannun da muka shafe sati uku muna daidaitawa. Layin sake dubawa ya cinye mana wasan farko. A wasa na uku hannun ya ɓalle daidai inda na yanka. Da muka koma na auna akwatin, ashe ya ɗara da rabin santimita. Na je na sami kafintan, wai katako yana numfashi! Har yau kuɗina suna wurinsa. Kada ma ka tambaye ni me ya hana ni aunawa tun farko.

Saboda haka ku yi ginin a inci 17 da rabi. Kan noti, da wayar da ta leƙo, da wutsiyar igiyar roba, duk ma'auni yana ganinsu. Ku shiga layi da sassafe, zarto da magagari a jaka. In kun sauya wani abu bayan an duba, ku koma teburin da ƙafarku kafin a kira ku.

Tashi ka ɗauko min rular ƙarfe. Wannan hannun naku tun daga nan nake ganin ya leƙo.