Filin Mota da Hanya: ƙananan motoci masu zafin gudu da ramukan titinmu

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan abu ɗaya suke, wato ƙananan motocin nan masu yankakken baya da aka yi su don gudu, irin su Golf GTI da Fiesta ST da 206 RC. Na zaɓi huɗu a ciki, ga su nan da amsoshinsu.

TAMBAYA: Salam Kawu, barka da aiki. Ni dai na sayi Golf 5 GTI okaziyo (wadda aka riga aka yi amfani da ita) daga Duwala, ta zo da janti (ƙarfen da ake ɗora taya a kai) inci 18, wallahi kyau kam ba a magana. Amma tun da ta shigo Marwa ban huta ba, janti biyu sun lanƙwashe, taya ɗaya ta kumburo a gefe, kuma in na je Garwa na dawo sai bayana ya riƙe. Mahaifiyata ta shiga sau ɗaya ta ce ita ba ta ƙara ba. Makanike ya ce a canja amotisa (abin da ke shanye girgizar mota), abokai kuma sun ce in na rage janti na kashe motar. Don Allah mene ne mafita? Daga ɗanka a Domayo, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa alheri a motar. Kafin ka kashe ko dala a kan amotisa ka durƙusa ka karanta rubutun da ke gefen tayarka, za ka ga an rubuta 225/40 R18. Wannan 225 faɗin tayar ne a milimita, 18 girman janti ne a inci, shi kuma 40 ɗin nan da mutane ba su kula da shi, shi ne maganar duka: tsayin robar gefen taya kashi 40 cikin ɗari ne na faɗinta, wato milimita 90 kacal tsakanin ƙarfe da ƙasa. Golf ɗin talakawa mai taya 195/65 R15 tana da kusan milimita 127. To wannan robar da iskar cikinta su ne ke fara shanye duka kafin ya kai ga sifirin da amotisa, kamar dai mai takalmi kauri da mai silifas da ya suɗe ne suka taka tsakuwa. In ka faɗa rami mai kaifin baki da gudu, robar takan matse gaba ɗaya har janti ya ciji bakin kwalta, zaren cikin taya ya tsinke, shi ne kumburin nan da ka gani. Tayar da ta kumburo kuma ba ta da faci ba ta da gyara, ka cire ta yau yau, don a kan hanya take fashewa.

Su masu ƙera motar ba shashanci suka yi ba. GTI tun 1976 aka fara ta a Jamus, taka kuma ta fito a 2004 da inji 2.0 mai turbo ƙarfin doki 200, an yi ta ne don titi mai sumul inda mutum zai sha kwana da gudu motar ba ta karkata ba. Don haka suka sa mata sifirin mai tauri, suka sauke ta ƙasa da kamar milimita 15 kan sauran Golf. Asalin tayarta ma 225/45 R17 ce, 18 ɗin ƙari ne ga wanda ya biya. Yanzu ka ɗauko wannan ka ɗora a kan hanyar Marwa zuwa Garwa bayan damina, inda manyan motoci suka ƙwaƙule kwalta, kuma ga tudun rage gudu a bakin kowane ƙauye.

Shawarata kai tsaye: ka sauka zuwa inci 16 da taya 205/55 R16. Robar gefenta kusan milimita 113 ce, ka samu ƙarin sama da santimita 2 na abin da zai kare maka janti da baya. Kuma kar wani ya ce maka motar za ta ƙara yin ƙasa ko mita zai rikice, a'a, in ka haɗa janti da roba tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, ta 18 tana wajen milimita 637, ta 16 wajen 632. Inci 15 ne ba zai shiga ba, saboda faifan birkin gaba na GTI babba ne, milimita 312, janti zai goge shi. Ka lura kuma ƙusoshin Golf 5 biyar ne a tsarin 5x112, wato ƙusa biyar a da'irar milimita 112, na Golf 4 kuwa 5x100 ne, ba sa shiga juna ko da mai sayarwa ya rantse. Ka je da motar, a ɗaura janti ɗaya a gaba a juya shi da hannu, a murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, in ba inda ya taɓa sannan ka biya.

Me za ka rasa? Kaɗan daga kaifin sitiyari in ka shiga kwana da mugun gudu, da kuma kallon da samari ke yi maka a bakin Mayo Kaliyawo da yamma. Ƙarfin inji yana nan yadda yake, ƙafar ma ta ƙara sauƙi. Kuma 205/55 R16 na cikin tayoyin da suka fi yawa a duniya, ko a Figil ko Gidar ka fashe akwai fatan ka samu madadinta wajen mai faci, ita kuwa 225/40 R18 sai ka buga waya Garwa ko Duwala ka zauna jira. Ka dai tabbatar lambar nauyi da ta gudu da ke rubuce a gefen tayar ba su gaza 91V ba.

Maganar amotisa kuwa, a duba, in yana tsiyayar mai ko motar tana ta rausaya bayan ta haye tudu to ya mutu a canja. Sannan a leƙa sifirin ɗin, don wasu daga irin waɗannan motocin samarin Turai sun riga sun sa musu gajerun sifirin kafin a loda su jirgi. In haka ne a mayar da na asali. Jantin alminiyon da ya tsage kuma kar ka yarda a yi masa walda a mayar gaba. Bayan ka gyara ka je ka roƙi Hajiya ta sake shiga, ka kuma tuƙa ta a hankali.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ni malamar makaranta ce a Garwa, ina zaune a Yelwa, yarana uku. Ina son ƙaramar mota mai kuzari wadda ba ta nauyin tashi, ƙanin maigidana ya nuna min hoton Ford Fiesta ST da Peugeot 206 RC ya ce su ne daidai ni. Za su yi min zirga-zirgar makaranta da kasuwa kullum?

AMSA: Malama ina amsawa, Allah ya raya zuri'a. Gaskiya ƙanin maigida motar da ransa ke so ya nuna miki. Fiesta ST ta 2013 mota ce mai daɗin tuƙi ƙwarai, inji 1.6 turbo doki 182, ita kuma 206 RC ta 2003 doki 177 gare ta. Amma duka biyun kan taya 205/40 R17 suke, robar gefe milimita 82 kawai, ta fi ta ɗan Domayo na sama ƙanƙanta ma, kuma ita Fiesta ko a Turai an san ta da tauri a gargada. Kowane gaɓar kwalta sai kin ji shi a ƙugu.

Sai abin da hoto ba ya nunawa. 206 RC ƙofa uku ce, Fiesta ST ta shekarun farko a Turai ita ma haka, wato kullum safe sai kin kwantar da kujerar gaba yara uku sun kutsa baya da jakunkunansu, a tashi makaranta a sake. Kujerun gaban ma irin masu tudu a gefe ne da ke rungume mutum, ga mai zani ko lafaya shiga da fita aiki ne. Bambar gaba tana ƙasa sosai, in ƙofar gidanki akwai kwalbati ko ɗan hawa sai ta kartu safe da yamma, kuma a watan Agusta in ruwa ya kwanta a lungu ba za ki so ki tsunduma irin wannan a ciki ba, inji in ya shaƙi ruwa an gama. But ɗin Fiesta bai kai lita 300 ba, buhun shinkafa da tulun gas sun kusa cinye shi, na Golf 5 lita 350 ne.

Ni da za ki ji tawa, ki nemi Toyota Yaris mai ƙofa biyar, inji 1.3, kan janti 14 ko 15. A cikin gari kuzarinta ya ishe ki, kayan gyaranta na nan a kasuwa, kowane makanike ya san cikinta. In kuma lallai kina son ɗan zafi, akwai Yaris TS ta farko mai inji 1.5 doki 105, kan inci 15 take, ki nemi mai ƙofa biyar. Ranar gwaji kar ki tsaya a titin da ya yi kyau, ki sa yaran a baya, ki kunna sanyi da tsakar rana ki bi hanyar da kike bi kullum har ƙofar gida. Sanyin mota a Garwa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya fi miki doki 50 na ƙari amfani.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni ɗan kasuwa ne a Kusuri, kusan kullum ina haye gadar Ngeli zuwa Injamena da Polo GTI. Wani ya ce in rage iskar taya motar za ta yi laushi, na gwada kuma na ji sauƙi. Akwai illa? Sannan ina zuba mata zuwa-zuwa, wato man kwalba na bakin titi, wani lokaci.

AMSA: Alhaji akwai illa babba, don Allah ka mayar da iskar. Sauƙin da ka ji na gaske ne amma tsadarsa ta yi yawa. Taya mai guntun gefe in iskarta ta ragu, ɗan tazarar da ta rage tsakanin janti da ƙasa ma ta tafi, ramin da da za ka wuce lafiya yanzu shi zai lanƙwasa maka ƙarfe. Na biyu, taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take ta yi tana miƙewa a kowane juyi, hakan na tara mata zafi a ciki, ka haɗa da zafin kwaltar Kusuri da kayan da ka loda a baya, shi ke kawo fashewa ana cikin gudu. Ga shan mai, ga cinyewar gefe da gefe. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda a cikin murfin tankin mai ko jikin ƙofar direba, akwai na mota wayam akwai na mai kaya, kai na mai kaya ne naka. A auna da safe taya na sanyi, kuma ka sayi ɗan ma'aunin iska naka ka ajiye, don na bakin titi ba duka ke faɗin gaskiya ba. Wuri ɗaya ne rage iska ke da amfani, in yashi ya riƙe ka, kana fita kuma ka mayar.

In laushi kake nema hanyar ita ce wadda na faɗa a sama, ka sauka inci ɗaya in birkinka ya bari, ka ƙara tsayin roba. Kuma in za ka sayi taya okaziyo ka nemi lamba huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen tayar, misali 2318 na nufin an ƙera ta a sati na 23 na 2018. Wadda ta haura shekara shida ko gefenta ya fara tsattsagewa ka bar musu ko da zanenta na nan raɗau, ranarmu ba ta raga wa tsohuwar roba.

Zuwa-zuwa kuwa, na san dalili, sauƙi ne da kusanci. Amma waɗannan injinan suna son mai mai oktan 95 zuwa sama, kuma man kwalba ba ka san me aka gauraya ba, ba ka san ƙurar da ya sha ba. Babur da tsohuwar Starlet suna haƙuri da shi, injin GTI kuwa famfon mai da injekta ne za su biya, kuma kuɗinsu ya ninka abin da ka yi tsimi. Sannan in za ka bi ta Waza zuwa Mora, wannan hanyar ko da iska daidai ba ta ƙaramar mota mai ƙasa ba ce, in dole ne ka tafi da cikakkiyar safaya, siririyar nan ta wucin gadi ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.

TAMBAYA: Baba ni ɗalibi ne a Dang, Ngaundere. Ina da Starlet, ina tara kuɗi in sa mata janti 17 ta yi kama da na tsere. Ya kake gani?

AMSA: Ɗana kar ka yi. Starlet da inci 13 ko 14 aka yi ta, in ka ɗora mata 17 ko dai taya ta riƙa gogar jiki in ka sha kwana ko ka ɗauki mutane, ko kuma ka sa roba siririya ƙwarai wadda ramin farko zai kashe. Ƙafar za ta yi nauyi, ƙaramin injinta ya ƙara wahalar tashi, mai ya ƙaru, sitiyari ya yi tauri, boris da rotil (gaɓar ƙafar mota) su riƙa mutuwa da wuri. Kuɗin nan ka sayi sababbin taya huɗu masu kyau daidai lambar da ke jikinta, amotisa huɗu, takalmin birki, a canja man birki, a daidaita ƙafafu. In kana son kwalliya akwai jantin alminiyon inci 14 masu kyau a tsarin 4x100 da za su shiga ba rigima. Kuma in hutu ya zo za ka gangara Garwa, a gangaren dutsen nan kafin Mbe ka sa giya ta biyu ko ta uku injin ya riƙe maka motar, kar ka kwanta kan birki tun daga sama.

Masu tambaya kan giyar DSG, wato giyar otomatik ta Volkswagen, da canjin manta a kilomita 60,000, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.