Bezbol: koci ya taɓa yarona a bes na uku, alkali ya ce awut, daidai ne?

Tambaya: Salam Malam. Muna zaune a Amurka, yarona yana buga bezbol a sakandare. Ya zo da gudu zai wuce bes na uku (tasha ta ƙarshe da mai gudu ke takawa kafin ya koma gida ya ci maki) sai kocinsa ya sa hannu ya tare shi ya mai da shi baya, nan take alkalin wasa ya ce awut, wato an fitar da shi, alhali ko ƙwallon ba ta iso ba. Wannan ba zalunci ba ne?

Amsa: Wa alaikassalam baban yaro. Gaskiya alkalin nan bai zalunce ku ba, laifin na koci ne. A dokar NFHS (ƙungiyar da ke tsara dokokin wasannin makarantun sakandare) da ake bi a yawancin wasannin sakandare a Amurka, koci ba shi da damar taimaka wa mai gudu da jikinsa muddin wasa na gudana, ko ya tare shi, ko ya tura shi, ko ya ɗaga shi in ya faɗi. Ya yi ihu, ya ɗaga hannu, ya yi tsalle duk ba komai, amma hannu ya tsaya a wajensa. Mai gudun ya fita nan take, sauran kuma su ci gaba da gudu don ƙwallo ba ta mutu ba, wato wasa bai tsaya ba.

Inda alkalai suke rabuwa shi ne, ba kowace taɓawa ba ce taimako. Yaro ya bangaji koci da ke tsaye bisa kuskure, ko sun tafa bayan ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili (hom ron), yawancinsu ba sa cewa komai, abin da suke dubawa shi ne shin taɓawar ce ta tsai da shi ko ta ƙara masa gudu, to ka ga wannan ido ne da hukuncin mutum, kuma a wasan yara sau da yawa alkalai biyu ne kacal a fili, ɗaya yana bin ƙwallo, shi ya sa za ka ga an yi irin wannan a wani wasan ba a kama ba. Rashin gani ne kawai, dokar tana nan.

Ko a wasan ƙwararru ana rigima a kai. A 1998 Mark McGwire garin murnar hom ron ɗinsa na 62 a kakar wasan ya tsallake bes na farko, kocinsa Dave McKay ya jawo shi ya taka, ba a fitar da shi ba, lokacin ƙwallo ta riga ta bar fili. Amma a 2010 Michael Young na Texas Rangers, hannunsu ne kawai ya gogi juna da kocinsa a bes na uku, alkali ya ce awut, da haka wasansu da Minnesota Twins ya ƙare. Ni a ganina na Young ɗin an tsananta. Naku kuwa tarewa ce ƙiri-ƙiri, ko ni ne a filin awut zan ce.